Kana son ba ɗanka kyautar doguwar bindiga a Amurka? Ga yadda zaka bi ba tare da ka jawo wa kanka ɗauri ba

In tambayarka ko doka ta yarda ne, amsa a gajarce dai eh, ya halatta. A dokar tarayyar Amurka uba ko uwa zasu iya sayen doguwar bindiga, raifil kenan ko shotgan, su ba ɗansu ko 'yarsu da ta kai shekara 18 kyauta, babu wanda zai ce musu don me. Amma fa wannan eh ɗin tana da jela, kuma jelar ce ke kai mutane gaban alƙali, mutanen da ba 'yan fashi ba ba komai ba, iyaye ne kawai da suka so faranta wa yaro ranar da ya gama sakandare ko da lokacin farautar barewa ya matso. Abu uku ne suke rikita lissafin, da kuɗin waye aka sayi bindigar, a wace jiha yaron yake zaune, sai kuma me ka sani game da yaron naka wanda kake yi kamar baka sani ba.

Mu fara da shekaru tunda shi ne mai sauƙi. Dokar bindiga ta tarayya ta 1968 ta ce dila mai lasisi, wanda suke kira FFL, bazai sayar wa ɗan ƙasa da 18 doguwar bindiga ba, fistol kuma sai ɗan 21. Harsashi ma haka, na raifil 18 na fistol 21. Wannan iyakar a kan dila take. Kai da kake mutum kawai ba ɗan kasuwa ba, abinda tarayya ta hana ka shi ne ka miƙa wa ɗan ƙasa da 18 fistol, doguwar bindiga kam bata sa maka shekaru ba sam. Toh amma kar ka yi saurin murna don jihohi sun ɗora nasu a kai kuma nasun ya fi cizo, zamu zo kansu.

Maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi cin mutane

In ka shiga shagon dila ka zaɓi bindiga zai turo maka fom 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, wasu a takarda wasu a kwamfuta a gefen kanta, ka cika sunanka da adireshinka ka ba shi lasisin tuƙinka, sai ka zo kan jerin tambayoyin eh ko a'a. Ta farkonsu tana tambayarka ko kai ne ainihin mai sayen wannan bindigar. Nan ne iyaye da yawa gabansu ke faɗuwa, mutum ya tsaya da biro a hannu yana tunanin toh ai ba tawa bace ta yaro ce, in na ce eh nayi ƙarya kenan? Baka yi ba. Bayanin da ke bayan fom ɗin da kansa ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa wanda ya sayi bindiga da kuɗinsa don ya ba wani kyauta ta gaskiya, shi ne ainihin mai saye, ya amsa eh. Ka juya ka karanta, yana nan a rubuce.

Amma bayanin bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa ba kyauta bace in wanda za a ba ɗin ya bada kuɗi, ko wani aiki, ko wani abu mai daraja don a sayo masa. Kaga kenan ranar da yaron ya zo ya ce Baba ga dala 300 na tara daga aikin hutu, ka cika sauran ka sayo min waccan da muka gani, kai kuma ka karɓa ka tafi shago kai kaɗai ka cika fom da sunanka ka ce eh, wallahi ka fita daga layin kyauta ka shiga layin saye da sunan wani. Haka in ka ce zan sayo maka ka dinga biyana kaɗan kaɗan duk wata, ko ka ce ka gyara min rufin gareji ladanka bindiga. Duk a ido abu ne na cikin gida tsakanin ɗa da uba, a idon doka kuwa ƙarya ce a kan fom ɗin tarayya, kuma ƙarya a kan 4473 tana iya kai mutum shekara 10 a gidan yari da tarar da ta kai dala 250,000. Daga 2022 ma an yi wa saye da sunan wani sashe nasa na musamman, in ka san ko kana da dalilin zaton wanda kake sayowa doka ta hana shi riƙe bindiga ko laifi zai yi da ita, ɗaurin na iya kai shekara 15, wani lokaci ma har 25.

Nasan abinda zaka ce, ai ɗana bashi da laifin komai, da kansa ma zai iya zuwa ya saya, meye na ɗaga hankali. Wannan hujjar an riga an kai ta kotun ƙoli ta faɗi. Wani tsohon ɗan sanda a Bajiniya mai suna Bruce Abramski ya sayo wa kawunsa da ke Fensilbaniya fistol ƙirar Glock 19 a 2009, don yana ganin zai samu rangwamen 'yan sanda. Kawun ya turo masa cakin dala 400, har ya rubuta sunan bindigar a jikin cakin. Kawun nan mutum ne da doka bata hana shi bindiga ba, hasali ma da aka zo miƙa masa ta hannun dila aka bi a can jiharsa aka tantance shi ya wuce lafiya lau. Duk da haka a 2014 kotun ƙoli da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 ta ce Abramski yayi ƙarya a fom, hukuncinsa ya zauna. Wato tsarkin wanda za a ba bindigar baya wanke ƙaryar da kayi a kanta. Ni a ganina hukuncin yayi tsauri a kan mutumin da bai ɓoye komai ba, amma ra'ayina ba shi ne doka ba.

Saboda haka in har yaron zai sa ko dala ɗaya a ciki, ku tafi shagon tare, shi ya cika fom da sunansa, shi a tantance, kai kuma ka tsaya a gefe ka taimaka da kuɗi. Ba laifi bane ka biya wa mutum abinda shi ne ya cika fom ya kuma karɓa, matsalar tana zuwa ne in mai cika fom daban mai bindiga daban. Wasu shagunan dai suna da tsarinsu na cewa katin wanda ya cika fom kaɗai zasu karɓa, don haka ka tura masa kuɗin tun a gida ko ka sayi katin kyauta na shagon ka ba shi. Gaskiya ko da kai zaka biya duka, wannan hanyar ta fi min kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, bindiga ta fita da sunan mai ita, an bincika shi, kuma ya ɗaga ta ya ji ko ta zauna masa a kafaɗa kafin a biya, don bindigar da ta yi wa uba mai dogon hannu daidai ba lallai ta yi wa 'yarsa ba. Abinda ka rasa kawai shi ne ba-zata.

Sai dai ka sa lokaci a lissafinka. Dila yana tura bayanan mai saye zuwa tsarin tantancewa na FBI da ake kira NICS, ko ta hannun hukumar jiha a wasu wuraren, ga manya yawanci 'yan mintuna ne amsa ta dawo. Ga ɗan ƙasa da 21 kuwa, tun dokar watan Yunin 2022, sai an tuntuɓi jiharsa an duba ko yana da tarihin laifi na lokacin ƙuruciya ko na taɓin hankali, an kuma tambayi 'yan sandan yankinsu, ana basu kwana 3 na aiki, in an ga wani abu da ke buƙatar a tono a ƙara har ya kai kwana 10 na aiki. Ba wai an ƙi shi bane, layi ne kowa ke bi. Kar ku je ranar Juma'a kuna sa ran fita farauta da ita Asabar.

In kuma bindigar dama taka ce, tana cikin sef shekara da shekaru ko ta kakansa ce kake son ta koma hannunsa, babu maganar fom a dokar tarayya matuƙar jiha ɗaya kuke zaune, ka ɗauko ka miƙa masa shikenan. Kalmar jiha ɗaya ɗin nan ka riƙe ta da kyau.

In yaron ba a jiharku yake zaune ba

Nan ne wuri na biyu da mutanen kirki ke zamewa, kuma abin haushin shi ne babu wanda zai ji a jikinsa cewa laifi yake yi. Yaro ya samu aiki a wata jiha ya kama haya ya canja lasisin tuƙi, ya zo gida hutun ƙarshen shekara, ka miƙa masa raifil a falo kowa na tafi, ya sa a but ya koma. Ku biyun kun karya dokar tarayya, kai ka ba mazaunin wata jiha bindiga ba ta hannun dila ba, shi kuma ya shigo da ita jiharsa, kuma in an tabbatar da gangan ne hukuncin na iya kai shekara 5. Babu rangwamen ɗa da uba a wannan sashen, ko kaɗan. Abin mamaki gado an yafe, in ka mutu ka bar masa ita a wasiyya ko ta faɗo masa a rabon gado zai iya zuwa ya ɗauka ya tsallaka da ita in dokar jiharsa ta yarda ya mallake ta, amma kana raye ka ba shi, sai dila. Aro na ɗan lokaci don farauta ko harbin gwaji shi ma an yarda, ya zo hutu ku fita daji ya riƙe taka ku dawo ya ajiye, wannan ba komai.

Yadda ake yi ba wuya. Yaron ya nemi dila mai lasisi kusa da inda yake ya tambaye shi ko yana karɓar bindiga daga wata jiha da nawa yake caja, kuɗi ne kaɗan kowane shago da nasa. Sai a aika bindigar zuwa ga dilan, ba gidan yaron ba, shi kuma yaje da katin shaidarsa ya cika 4473 a tantance shi ya karɓa. Dokar tarayya ta yarda mutum ya aika doguwar bindiga marar harsashi ta gidan waya zuwa ga dila a kowace jiha, amma wasu dilolin basa karɓa sai daga hannun ɗan uwansu dila, manyan kamfanonin kai kaya ma sun tsaurara sosai a kan mutumin da bashi da lasisi, don haka mafi sauƙi ka kai wa dilan garinku ya aika maka. In sabuwa ce ma zaka saya ka biya ta intanet ka sa a kai ta kai tsaye shagon da yaron ya zaɓa. Akwai wata hanyar kuma ga doguwar bindiga kaɗai, in ya zo gida ku tafi wajen dilan jiharku tare a yi miƙawar a can ido da ido, da sharaɗin cinikin bai saɓa wa dokar jihohin biyu ba, kuma dila yana da damar ya ce shi bazai yi ba in bai san dokar can ɗin ba.

Ɗalibi fa? ATF tana kallon ɗalibin jami'a a matsayin mazaunin jihar makarantarsa a lokacin da yake zaune can, in ya dawo gida hutu yana zaune da ku kuma mazaunin jiharku ne. Soja da ke bakin aiki, jihar da aka tura shi aiki na dindindin ita ce jiharsa. Na ɗalibin yana da ɗan santsi don ya danganta da ko da gaske har yanzu gidanku gidansa ne, in kana da shakka bi ta dila kawai ka huta. Kuma ka tuna yawancin jami'o'i basa yarda da bindiga a hostal, masu gidan haya ma wasu suna sawa a yarjejeniya, toh ka tambaye shi a ina zai ajiye ta kafin ka saya.

Dokokin jihohi

Wannan ɓangaren babu gajeriyar hanya, dole ka buɗe shafin 'yan sandan jiha ko na antoni janar ɗin jihar da yaron yake ka karanta, ko ka tambayi dila biyu ba ɗaya ba, don dokokin nan suna canjawa kusan duk shekara kuma kotuna na ta juya su. Amma bari in nuna maka yadda tazarar take.

A Tekzas da jihohi da yawa irinta, ka ba ɗanka ɗan 18 raifil a gida, babu rajista babu fom babu kowa. Fulorida ta ɗaga shekarun sayen kowace irin bindiga zuwa 21 a 2018, bayan harbin makarantar Parkland da ɗan shekara 19 ya kashe mutum 17, saboda haka a can shawarar da na bayar ta ku je ya cika fom da kansa bazata yi aiki ba in bai kai 21 ba. Abinda dokar ta hana shi ne saye, karɓar kyauta daga iyaye bata hana ba, kaga a irin wannan jihar maganar kuɗin waye ta ƙara nauyi kenan, don in ya baka kuɗi ka sayo masa ka taimaka masa ya zagaye dokar jiha ga kuma ƙaryar fom. Kolorado ma ta koma 21 a dokar da ta yi a 2023.

Kalifoniya kusan komai sai ta hannun dila, amma ta bar ƙofa tsakanin iyaye da 'ya'ya da kakanni da jikoki in duk a jihar suke, sai dai yaron ya kai 18, ya mallaki takardar shaidar sanin kiyaye bindiga, kuma a kai rahoton miƙawar ga ma'aikatar shari'ar jihar cikin kwana 30. Lura, ƙofar bata haɗa da wa da ƙani ko kawu ba. Jihar Washintan ta yafe tantancewa ga kyauta ta gaskiya tsakanin dangi na kusa, amma tun ƙuri'ar jama'a ta 2018 raifil mai ɗura kanta, irin wadda duk jan kunama harsashi ɗaya zai fita wani ya hau da kansa, sai ɗan 21 zai saya, a 2023 kuma suka hana sayar da nau'in AR-15 mai kama da ta sojoji da makamantanta gaba ɗaya. Niyok ta sa lasisi da shekara 21 a kan raifil mai ɗura kanta a 2022 bayan harbin Buffalo. A Ilinoi ko harsashi bazaka riƙe ba sai da katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga na jihar, kuma ɗan ƙasa da 21 baya samun katin sai uba ko uwa ko mai riƙonsa ya sa masa hannu. Niyu Jazi da Masachuset su ma sai da katin izini tukuna.

Kaga irin bindigar ma tana da tasiri. Raifil ɗin farauta da ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, ko ƙaramar .22 ta koyo, kusan ko'ina bata da rigima. Mai kama da ta sojoji kuwa, wadda take halal a wannan jihar tana iya zama babban laifi in an tsallaka iyaka da ita, har gidan harsashin da ya wuce guda 10 wasu jihohin sun haramta. Sannan in bututun raifil bai kai inci 16 ba, ko tsawonta duka bai kai inci 26 ba, ta faɗa ƙarƙashin dokar 1934 mai rajista ta musamman, wannan ba a miƙa ta haka kawai ko ga ɗan cikinka sai ATF ta amince a rubuce.

Abinda ka sani game da ɗanka

Doka ta hana ka ba mutum bindiga ko harsashi in ka sani, ko kana da dalilin da mai hankali zai yi zaton, cewa yana cikin waɗanda aka haramta wa, kuma hukuncin yanzu ya kai shekara 15. Su waye? Wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa zai iya wuce shekara ɗaya ko da bai kwana a gidan yari ba, wanda ake tuhuma da irin wannan laifin yanzu haka, wanda ya gudu wa shari'a, wanda kotu ta ce yana da taɓin hankali ko aka kwantar da shi asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas, wanda aka kora daga soja korar wulaƙanci, wanda kotu ta sa masa takunkumin kar ya kusanci matarsa ko uwar ɗansa, da wanda aka samu da laifin dukan iyali ko da ƙaramin laifi ne, kuma daga 2022 dukan budurwa ko saurayi ma ya shiga ciki. Tun wannan shekarar abinda yaro yayi kafin ya kai 18 ma ana lissafawa.

Biyu daga cikin jerin su suka fi shafar matasa. Na farko wiwi. Jihohi da yawa sun halatta ta, shagunanta a buɗe kamar kantin magani, yaro zai ce maka Baba ai a nan ba laifi bane, amma fom 4473 ya rubuta gargaɗi da baƙin rubutu cewa a dokar tarayya haramun ce ko jiharka ta halatta ta don magani ko don nishaɗi, kuma mai ta'ammali da ita yana cikin jerin. In kana jin warinta a motarsa ko ka san yana da katin wiwin magani, kar ka ce baka sani ba. Na biyu takardun zama. Wanda yake ɗan ƙasa ko mai girin kad, wato katin zama na dindindin, babu matsala. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi a ƙa'ida an hana shi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciya, wadda aka fi sani ita ce yana da lasisin farauta mai aiki daga ɗaya daga cikin jihohin Amurka. Wanda bashi da takardu kam ko taɓawa kar ya yi. A gida ɗaya zaka samu uba ya zama ɗan ƙasa amma babban ɗansa da ya biyo baya har yanzu da biza yake, toh a duba wannan da lauyan shige da fice kafin a yi abinda zai sa a tasa ƙeyar yaro. Haka in yana zaune da aboki ko ɗan uwa da aka haramta wa bindiga, barinta a inda wancan zai iya kai hannu matsala ce ga su biyun, sai sef da shi kaɗai ya san lambarsa.

Sannan akwai abinda baya cikin kowane jeri amma masu gabatar da ƙara sun fara bin iyaye a kansa. A Highland Park ta jihar Ilinoi, Robert Crimo Jr. ya sa wa ɗansa ɗan shekara 19 hannu a takardar neman FOID a Disambar 2019, alhali 'yan watanni kafin nan an kira 'yan sanda gidan saboda yaron yayi barazanar kashe kowa har suka kwashe wuƙaƙe. Yaron da kansa ya sayi bindigoginsa daga baya, ya wuce tantancewa, ranar 4 ga Yulin 2022 ya buɗe wuta a kan masu faretin ranar 'yanci mutum 7 suka mutu. Uban bai saya masa bindiga ba, sa hannu kawai yayi, amma a 2023 ya amsa laifin ganganci aka yanke masa kwana 60 a kurkuku. A Mishigan kuma James da Jennifer Crumbley, da suka sayo fistol ɗin da ɗansu ɗan 15 ya kashe ɗalibai 4 da shi a makarantar Oxford a 2021, an same su da laifin kisa ba da niyya ba a 2024, kowannensu shekara 10 zuwa 15. Wucewa tantancewar NICS na nufin babu abinda aka rubuta a kansa ne kawai, kai kuwa kana gida, ka san daren da ya kulle kansa a ɗaki, ka san abinda ya faɗa da budurwar ta rabu da shi. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka duk shekara su ne suka kashe kansu. In yaron yana cikin ƙunci, ko yana shaye-shaye, ko zuciya na ɗibarsa, ka ɗaga kyautar zuwa wata shekarar, ko ka saya ta zauna a sef ɗinka ku dinga fita da ita tare, layin wayar agaji na 988 kuma yana nan dare da rana ga mai tunanin cutar da kansa. Ba kunya bace uba ya ce ba yanzu ba.

Ranar miƙawa

Ka haɗa kyautar da abin kulle ta, ko ƙaramin sef ko makullin da ake zurawa ta cikin bindigar, jihohi da dama suna hukunta wanda ya bar bindiga inda ƙaramin yaro zai kai, kuma in akwai ƙanne a gidan wannan ya shafe ku kai tsaye. In farauta zai yi, yawancin jihohi sai ya yi kwas ɗin koyon farauta kafin su ba shi lasisi, ka biya masa wannan ma ya shiga cikin kyautar. Ka koya masa yadda ake tafiya da ita a mota, babu harsashi a ciki, a cikin akwatinta, a but. Dokar tarayya ta 1986 tana kare mai wucewa ta cikin wata jiha in bindigar halal ce a inda ya taso da inda zashi kuma an ajiye ta haka, amma kariyar ta mai wucewa ce, ba ta wanda ya sauka ya kwana biyu yana yawo ba. A jirgin sama kuma cikin kayan da ake aunawa take shiga, a akwati mai tauri a kulle, kuma sai ya faɗa musu a kanta tun kafin su tambaya.

Haraji kar ya dame ka, kyautar da bata wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya a shekarar 2025 ba ko rahoto ba a kaiwa.

In a gida kuka yi miƙawar ba ta hannun dila ba, ku rubuta 'yar takarda ko da jiharku bata nema ba. Tarayya bata da rajistar bindigogin jama'a, in aka tsinci bindiga a wajen wani laifi ATF daga kamfanin da ya ƙera take farawa, ta bi zuwa dilan da ya sayar, dila ya ciro 4473, sunan da ke kai shi za a fara ƙwanƙwasa wa ƙofa, wato kai. Takardar ta ƙunshi kwanan wata, sunanka da nasa da adireshinku, kamfani da samfurin bindigar da girman harsashinta, lambar da aka buga a jikin ƙarfenta, da jimla ɗaya cewa kyauta ce ba a biya komai ba kuma shi ya tabbatar doka bata hana shi mallaka ba, ku sa hannu ku biyu kowa ya riƙe kwafi. Ku ɗauki hoton lambar a waya kuma, don in an sace ta abu na farko da 'yan sanda zasu tambaya kenan, kuma wasu jihohin sun sa wa'adin 'yan kwanaki na kai rahoton sata, in ya wuce mai bindigar ne zai amsa tambaya.